Bayani a kan Ganuwar Zariya da Gonakin Cikinta

Bayan haka, ku sani, ya ku almajirai da fatake, masu tarihi sun ce gadon sarautar Zazzau da can yana Turunku, kudu da nan. A zamanin Bakwa Turunku, wajen shekara ta 1536, aka dawo da shi kusa da dutsen Kufena. Turunku kuwa ta wanzu ƙaramin garin manoma.

Sa'ad da magabata suka ja ganuwar Zariya, ba su tsaya a bakin gidaje ba. Sun kewaye fili mai yalwa, da gonaki da kududdufai, domin idan abokan gaba suka tsare Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, dawa da gero suna ciki, yunwa ba za ta buɗe musu ƙofa ba. Gyaranta kuma aikin gayya ne: damina na wucewa, jama'a su fito su yaɓe inda ruwa ya zubar.

A 1808 Malam Musa ya shigo da tuta, Sarki Makau ya fita. Sarauta ta sāke hannu, ganuwa tana tsaye. Amma bayan zuwan Nasara a 1902 tsoron hari ya kau, aka bar gayya. Ruwa ya ci rabonsa, masu gini suka haƙi ƙasarta, gidaje suka cinye gonaki.

To, ku yi lura. Abin da yaƙi bai rushe ba, sakaci ya rushe shi. Haka rijiyar unguwa take, haka zauren makaranta, haka rumfunan kasuwa: ranar da kowa ya ce gyaransu na wani ne, ran nan suka fara zubewa.

Tammat.