Sifanar Rali da Maɓallin Allen: Tarihin da Ke Cikin Jakar Mai Keke

Duk wanda ya shiga kasuwar intanet yana neman kayan gyaran keke zai ci karo da wani ɗan ƙarfe mai naɗewa kamar aska, wanda bai wuce cikin tafin hannu ba, ɗauke da kawuna goma sha shida ko ashirin. Masu talla kan ce da shi kaɗai an gama. Amma idan aka kai shi gindin bishiyar mai gyaran keke a Dogon Daji ko Kuchi, aka ce ya kwance tayar Phoenix da shi, zai juya shi ya mayar wa mai shi. Babu kai ɗaya a cikinsa da zai kama notin tayar. Dalili kuwa na tarihi ne: kekunan da ke bin hanyoyin Tambuwal da Kebbe ba 'yan zamani ɗaya ba ne, kuma kowane zamani da irin ƙusoshinsa.

Keken da muka sani, mai tayoyi biyu daidai da juna da sarƙa a baya, John Kemp Starley ne ya fitar da shi a Ingila a 1885, sannan John Dunlop ya zo da tayar iska a 1888. Zuwansa ƙasar Hausa ya bi sawun jirgin ƙasa da kantunan Turawa. Dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kuma ta wannan ƙofa kayan kanti suka riƙa kwarara lardin Sakkwato. Tambuwal, ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, tana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, don haka ba ta yi nisa da sabon abu ba. Kuɗin gyaɗa da auduga da fata suka sayi keke, malamin makaranta da malamin gona da masinja suka hau. Raleigh ta birnin Nottingham, wadda bakin Bahaushe ya mayar Rali, ita ta zama sarauniya, har daga baya kamfanin ya kafa masana'anta a Kano.

Abin da ake mantawa shi ne Rali ba ta zuwa hannu rabbana. A bayan sirdinta akwai 'yar jakar fata, a ciki kuma akwai wata sifana shimfiɗaɗɗiya mai bakuna da ramuka da yawa, kowanne an yanka shi daidai da wani noti na jikin keken. Wannan ita ce kakar duk na'urorin aljihun da ake tallatawa yau, kuma a ganina ta fi jikokinta cika alkawari, domin wanda ya ƙera keken shi ya ƙera ta. Ma'auninta na inci ne, gadon Joseph Whitworth, wanda ya tsara zaren ƙusoshin Ingila a 1841. Raleigh ma ta ƙara nata son kai: a wuyan keke da mazaunin feda ta yi amfani da zare 26 a kowane inci, alhali yawancin kamfanonin Ingila na bin 24. Wanda ya sayi Rali ya ɗaure kansa da kayan Rali ke nan.

Sauran aikin kuwa ba na sifana ba ne. Feda na riƙe ne da 'yar ƙusa da ake dokawa da guduma, birki na sandar ƙarfe ne da ake lanƙwasawa da filaya. Keke ne da maƙeri ke ganewa, shi ya sa ya zauna daram a ƙasar da kowace kasuwa ke da maƙera.

Turawa ma daga nan suka faro. A gasar Tour de France ta 1913, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta keken Eugène Christophe ya karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet. Dokar gasar ta hana a taimaki ɗan tsere, sai ya saɓi kekensa ya taka har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa. Duk da haka aka ci shi tarar mintoci, saboda wani yaro ya yi masa zuga. Irin wannan wahala ce ta sa masu tsere suka shiga neman keken da za a gyara a bakin hanya ba tare da wuta da uwar maƙera ba. Tullio Campagnolo na Italiya ya yi rajistar maƙullin da ke sakin taya ba da sifana ba. A Amurka kuma tun 1910 William Allen ya sami rajistar hanyar ƙera ƙusa mai rami a ka, wadda ake juyawa da sanda mai kusurwa shida. Sannu a hankali wannan ƙusa ta mamaye kekunan tsere, a ma'aunin milimita, kuma ita ta ba da damar haɗa dukkan maɓallai a ƙarfe ɗaya mai naɗewa.

Mu kuma a nan wata hanya muka bi. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, Rali ta fi ƙarfin talaka, Phoenix ta Shanghai da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya suka cike gurbin. Dukkansu kwaikwayon tsohuwar ƙirar Ingila ce: taya mai inci 28, birkin sanda, kariya mai ɗaukar buhun gero ko jarkokin ruwa. Wato lokacin da duniya ke komawa ƙusar Allen, kasuwanninmu ƙara cika suka yi da noti. Daga baya babura masu araha suka ture keke gefe, masu gyara da dama suka koma kanikancin babur, hayar keke da yara ke yi da kuɗin Sallah ta ja baya. Kekunan gwanjo masu giya, da ke shigowa daga Turai da Japan, su suka kawo ƙusar Allen garuruwanmu. Da aka janye tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, ma'aikata da ɗalibai da yawa suka waiwayi keke, wasu don araha, wasu da shawarar likita, kuma irin waɗannan na gwanjon suka fi saye.

To ga inda zaɓi ya zama na gaske. Mai keken gwanjo ko na tsere, na'urar aljihu za ta yi masa aiki, amma ba yawan kawuna ne abin dubawa ba. Maɓallan Allen na milimita 4 da 5 da 6 su ke kama sirdi da kan keke da birki. Sai sukurdireba don saita giya. Idan birkin na faifai ne, yana buƙatar kai mai siffar tauraro, Torx T25, ƙirar da ta fito a 1967. Abin yanke sarƙa ya cancanci nauyinsa, domin sarƙa idan ta tsinke babu dabarar da za ta maye shi. Ya kuma duba tayarsa: idan noti ke riƙe da ita, ba maƙulli ba, to sai ya ƙara sifana mai lamba 15, wadda yawancin waɗannan na'urori ba su da ita. Mai Phoenix kuwa kada ya ɓata kuɗinsa. Sifana mai daidaitawa da filaya sun fi masa amfani. Ƙarfe mai arha kuma abin gudu ne, don yana cinye ramin ƙusa, daga nan sai an je wurin mai walda.

Duk wannan bai taɓa babbar matsalar ba, wato faci. Wanda ya sauka daga kwalta ya bi hanyoyin ƙauyukan Kebbe ya san tsidau da ƙayar aduwa ba su san darajar keke ba. Yawancin na'urorin aljihu ba sa toshe huji. Sai famfo da abin zare taya da faci da sholisho, wanda abin takaici sunansa ya fi fitowa yanzu a labarin shaye-shaye fiye da na sana'ar da aka yi shi dominta. Akwai kuma tarkon bawul. Tsofaffin kekuna na da irin na Dunlop mai 'yar roba a ciki, babura da motoci na da Schrader, kekunan tsere kuwa siririn Presta gare su. Injin iskan mai faci na bakin titi ba ya kama Presta sai da 'yar mahaɗa da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, kuma da wuya a same ta a ƙauye.

A da, wanda kekensa ya lalace a daji jan abinsa yake yi zuwa gari na gaba, ko da dare ya yi. A shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare a dazukan iyakar Sakkwato da Zamfara da Kebbi, bambancin gyaran minti goma da tafiyar awa biyu a ƙasa bayan la'asar ya wuce batun gajiya. Kafin a saya, a ɗauki keken a zagaya shi ƙusa bayan ƙusa a gida, a gwada kowane kai, a kuma kwance tayar baya a mayar ko da sau ɗaya ne.