Matsayin Waƙa a Tarihin Finafinan Hausa

A shekarar 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim ɗin sinima, amma tsadar kayan aiki ta hana irinsa yawaita. Kaset ɗin bidiyo ne ya sauya wannan yanayi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan fim ya shiga har cikin ɗakunan matan aure.

Masu shirya waɗannan finafinai sun taso ne suna kallon finafinan Indiya, don haka suka ɗauki rawa da waƙa a matsayin gishirin labari. Karɓuwar Sangaya a 1999 ta nuna cewa waƙa ce ke sayar da fim, har akan saki kaset ɗin waƙoƙi kafin fim ya fito. Sai dai fiyanon Yamaha ya ture kalangu da gurmi, masu suka kuma suka ce an gurɓata al'ada. Wannan taƙaddama, tare da ƙaddamar da shari'a a 2000, ita ta haifar da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.