Gashaka-Gumti: Tarihin Gandun Dajin da Makiyaya Suka Riga Doka Shiga

Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, shi ne mafi faɗi a cikin gandayen dajin Nijeriya, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsayinsa ya kai mita 2,419, babu kuma dutsen da ya fi shi tsawo a Nijeriya. Tun a ƙarni na 19 ƙasar Gashaka take ƙarƙashin Fulanin Adamawa, daga baya Jamusawa suka haɗa ta da Kamaru har suka bar kufan sansaninsu kusa da ƙauyen Gashaka, sannan ta koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ta shigar da ita Nijeriya a cikin Lardin Sardauna.

Abin da ya ja makiyaya zuwa tuddan nan shi ne sanyi da yalwar ciyawa da ƙarancin ƙudan tsando, wato ƙudan da ke sa wa shanu sammore a kwaruruka. Saboda haka a lokacin da aka keɓe dajin domin kare namun daji a 1972, da kuma lokacin da aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1991, an tarar da rugage da gonaki sun kafu, kuma maimakon a tashe su, aka shata musu keɓaɓɓun yankuna inda aka halatta kiwo da noma, aka haramta farauta. Wannan shawara ta dace da adalci, ko da yake ba ta rasa wahala ba, domin yawan shanu da ƙona daji da rani suna cin kurmin da birin cimfanzi da damisa suke fakewa, kuma annobar bushiya ta 1983 ta nuna cewa cutar da ta kama garke ba ta tsallake ɓauna.

Masu yawon buɗe ido da ke tasowa daga wajen Serti suna kwanaki a ƙasa kafin su kai ƙololuwar Chappal Waddi, kuma turbobin da suke bi tare da 'yan dako da ja-gorori na ƙauyukan yankin, yawancinsu makiyaya da fatake ne suka fara taka su.