Araha Ba Ta Ado: Tarihin Motar Road Runner

Hausawa na cewa araha ba ta ado. To akwai wata mota a tarihin Amurka da ta gaskata wannan magana, ta kuma ci riba da ita.

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya fito da GTO, wato aka ɗauki ƙaton inji mai silinda 8 aka cusa wa matsakaiciyar mota. Samari suka yi caa a kanta, sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai dai kafin a je ko'ina an cika irin waɗannan motoci da kayan ƙawa, kuɗinsu ya hau, har suka gagari samarin da aka yi su dominsu.

Nan fa Plymouth, wani reshe na kamfanin Chrysler, ya hango kasuwa. A 1968 ya ɗauki gangar jikin motarsa Belvedere ya tuɓe mata ado, ba kafet sai shimfiɗar roba, kujerar gaba kuma doguwa kamar benci. Amma da aka zo kan inji ba a yi rowa ba, mai ƙarfin doki 335 aka sa mata, farashinta kuma bai kai dala 3,000 ba. Suka biya Warner Bros. dala 50,000 domin su ari sunan tsuntsun nan na katun mai gudun tsiya, Road Runner, har ham ɗin motar aka yi shi yana kwaikwayon kukansa.

A shekarar farko an sayar da kusan 45,000. A 1969 aka haura 80,000, mujallar Motor Trend ta zaɓe ta gwarzuwar motar shekara.

Amma daɗin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa samari kuɗi saboda yawan haɗari, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage ƙarfin injuna, sannan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, fetur ya yi tsada. Wa zai riƙe mota mai shan mai kamar ruwa? Kasuwarta ta mutu, shi kansa Plymouth aka rufe shi a 2001.

Abin mamaki, waɗanda suka rage yau attajirai ke rububinsu a wajen gwanjo. Motar da aka ƙera domin leburan masana'anta, yanzu jikansa sai dai kallo.