Mumbarin Rairayi: Asalin Taron Yara na Lokacin Hutu

Idan aka rufe makarantu, aka shiga dogon hutu, a ikkilisiyoyi da yawa akan ga wata ƙungiya ta samari da 'yan mata ta sauka daga wani gari, da jakunkunansu da hotuna da sababbin waƙoƙi. Sukan yi mako guda suna tara yara kowace safiya, ana haddace ayoyi, ana wasanni, ana jin labarun Littafi Mai Tsarki. Ran Lahadi a yi sujadar rufewa, iyaye su yi murna, baƙi su hau mota. Daga nan sai dattawan ikkilisiya su dubi juna, gama akwai tambayar da ba a cika furtawa a gaban baƙi ba, watau wa zai riƙe yaran nan daga gobe? Tambayar ba sabuwa ba ce. Tun farkon wannan aiki a ƙasar Biritaniya, fiye da shekara 150 da suka wuce, aka yi karo da ita, amsar da aka samu kuwa ta fito ne daga inda ba a zata ba.

A wancan zamani Ingila ba ta rasa makarantun Lahadi ba. Tun wajen 1780 Robert Raikes ya soma tara 'ya'yan talakawa a garin Gulosta ran Lahadi domin su koyi karatu, al'adar kuwa ta bazu ko'ina. Amma a cikin sujada ba a lissafa yara a bakin kome. Akan zaunar da su a kan benci mai tauri, su yi shiru har a gama dogon wa'azin da ba domin su aka shirya ba. Manya da yawa suna ganin aikin yaro shi ne ya tara sani, ya koyi ladabi, ba da gaskiya kuma sai ya girma.

A shekara ta 1867 wani mai wa'azi Ba'amurke, Payson Hammond, ya zo Landan ya yi tarurruka musamman domin yara. Ya bar tsayuwa a kan mumbari, yana kai da kawowa a gabansu, yana ba da labaru, yana yi musu tambayoyi, ana raira waƙoƙi masu sauƙi. A ƙarshe yakan kira su su karɓi Yesu Almasihu nan take. Waɗansu fastoci ba su ji daɗin wannan ba, suka ce yana motsa zukatan yara fiye da kima, kuma ba za a ce tsoron nasu ba shi da tushe ba, gama yaro yana da saurin kuka, yana da saurin ɗaga hannu idan ya ga abokinsa ya ɗaga. Duk da haka, cikin masu kallo akwai wani akawun ofis mai suna Yosiya Spiers, wanda abin da ya gani ya kama shi ƙwarai. A ranar 2 ga watan Yuni na shekarar, ya tara yara goma sha biyar a falon gidan wani abokinsa a unguwar Izlintin, a arewacin Landan, ya yi musu sujada irin tasu. Yawansu ya yi ta ƙaruwa mako mako. A kudancin birnin kuma wani ma'aikacin gwamnati, Tom Bishop, yana yin irin wannan aiki. Da suka haɗu sai suka gama ƙarfi, aka sa wa ƙungiyar suna Children's Special Service Mission, aka fi saninta da CSSM. Spiers shi ne mai magana da yara, Bishop kuwa mai riƙe da littattafai da wasiƙu, aikin da ya yi shekara da shekaru ba albashi.

Batun hutu ya shigo ne a watan Agusta na 1868. Spiers ya tafi shan iska a Landudno, wani gari a bakin teku a arewacin ƙasar Wels, inda jirgin ƙasa ya riga ya sauƙaƙa wa iyalai zuwa. Yana yawo a gaɓa ya ga yara suna shirya lambun wasa da tsakuwa da ciyawar teku. Sai ya ce su zo a rubuta aya. Ya zana manyan haruffa a kan rairayi, kalmomi uku na Turanci daga Wasiƙar Yohanna ta Fari, sura 4, inda ake magana a kan ƙaunar Allah, yara kuma suka bazu suna tsinto duwatsu da ciyawa suna ƙawata haruffan. Da aka gama ba su watse ba, suna jira su ga abin da zai biyo baya. Ya zaunar da su ya ba su labari. Kashegari suka komo da 'yan'uwansu.

Daga wannan ƙaramin abu aka samo tsarin da ya daɗe. Kowace shekara, lokacin dogon hutu, ƙungiyoyin masu sa kai sukan sauka a garuruwan bakin teku na makonni kaɗan. Da sassafe sukan tara rairayi su gina mumbari, yara su yi masa ado da furanni da ɓawon katantanwa, a haƙa layuka a gabansa su zama kujeru. Da dare igiyar ruwa takan share shi duka, gari ya waye a sake ginawa. Tun daga shekarun 1880 ɗaliban jami'o'in Kambirij da Oksfod suka riƙa cika waɗannan ƙungiyoyi, a 1892 kuma aka yi zangon samari na farko a cikin tantuna a Litilhamtin. Ya kamata a faɗa a fili cewa yaran da suke bakin teku a lokacin ba 'ya'yan talakawa ba ne. Ɗan ma'aikacin masaƙa ba shi da kuɗin jirgi, balle na masauki. Shugabannin CSSM sun san haka, hujjarsu ita ce makarantar Lahadi ta kai ga talakawa, 'ya'yan masu hali kuwa iyayensu ba sa aika su can, saboda haka babu mai koya musu.

Amma yaron da ya ji bishara a Landudno a watan Agusta yakan koma garinsu mai nisa a watan Satumba, ƙungiyar da ta koya masa kuma ta watse, kowa ya koma jami'arsa ko ofishinsa. Ma'aikatan sun yi ƙoƙari da wasiƙu da ƙananan takardu, amma mutum nawa ne zai iya rubuta wa ɗaruruwan yara har shekara ta kewayo?

A garin Kezik, a arewacin Ingila, akwai wata budurwa mai suna Annie Marston, malamar makarantar Lahadi, wadda ba ta kai shekara ashirin ba sa'ad da ta soma koyarwa. 'Yan matan ajinta suna so su karanta Littafi Mai Tsarki, amma ba su san inda za su fara ba, waɗanda suka fara daga Farawa kuma sukan gaji tun ba su yi nisa ba. Sai ta riƙa rubuta musu da hannu jerin wuraren da za su karanta kowace rana, ran Lahadi su tattauna abin da suka karanta. Da ta ga amfaninsa ta rubuta wa ofishin CSSM a Landan tana roƙo a buga irin wannan jeri domin dukan yara. Ba a karɓa ba da farko. Ana ganin yara ba za su jure karatun kowace rana ba, abin mamaki kuwa, daga bakin mutanen da suka yi suna wajen cewa kada a rena yaro. Ta yi ta rubutawa har Bishop ya yarda. A ranar 1 ga Afrilu, 1879, aka raba katin karatu na farko ga yara wajen 6,000, aka kira sabon reshen Children's Scripture Union. Bayan shekara goma ana buga katin da harsuna fiye da ashirin. Kati ne kawai, ba hoto, ba bayani, sai kwanan wata da sura da ayoyi. Amma yana shiga aljihu, yana bin yaro har gida, kuma malamin makarantar Lahadi na garinsu yana iya tambayarsa ko ya karanta na yau.

A Amurka wani reshe dabam ya tsiro, shi kuwa a cikin talakawa. A 1898 wata mace mai suna Uwargida Hawes, ta wata ikkilisiyar Baptis a Niyok, ta ga 'ya'yan baƙin haure suna gararamba a titi lokacin hutu. Da ta rasa ɗakin haya sai na wani gidan giya da ba a amfani da shi da rana, ta kama shi, ta yi makonni shida tana koya musu. Daga 1901 Dakta Robert Boville ya ɗauki aikin ya faɗaɗa shi. Abin da ya lura da shi shi ne, a lokacin hutu yara ba su da abin yi, majami'u suna rufe kwana shida, ɗaliban makarantun tauhidi kuma suna zaune, don me ba za a haɗa ukun ba? A 1922 ya kafa ƙungiyar duniya ta wannan aiki, a 1923 kuma wata maɗaba'a ta fitar da littattafan koyarwa na farko. Wannan ita ce Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hutu, wadda 'yan mishan na Amurka da Kanada suka kai ƙasashe da yawa. A Biritaniya ma daga baya tsarin bakin teku ya shigo cikin gari, ikkilisiya takan buɗe ɗakin taronta mako guda, ƙungiyar baƙi ta zo ta taimaki malaman gida.

Spiers ya rasu a 1909, bayan ya yi shekara arba'in yana magana da yara. Ƙungiyar ta ci gaba da sunan CSSM, amma reshen da Annie Marston ta roƙa ya yi ta girma har ya rufe uwar. Katin karatu ya isa Afirka ta Yamma ta hannun 'yan mishan tun kafin a aiko da ma'aikaci ko ɗaya. Sai a 1955 Nigel Sylvester ya sauka a ƙasar da ta zama Gana bayan shekara biyu, ya soma aiki a makarantun sakandare da zangon hutu. A 1960, a wani taro da aka yi a Old Jordans kusa da Landan, aka yanke shawara cewa ofishin Landan zai daina mulkin aikin duniya duka, kowane yanki ya kafa majalisarsa, ya nemi ma'aikatansa. A shekarun da suka biyo baya aka ajiye tsohon sunan, ƙungiyar duka ta koma amsa sunan Scripture Union. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci kuwa ana kiranta Ligue pour la Lecture de la Bible, watau ƙungiyar karatun Littafi Mai Tsarki.