"Kwantar Da Kano" Ko Cin Kano? Tarihin Wata Kalma

A wani zaman karatu da muka yi kwanakin baya, wani matashi daga cikin sababbin membobinmu ya karanta mana babin farko na littafin da yake rubutawa a kan rayuwar wani marini na Ƙofar Mata. Labarin ya yi armashi, sai dai jimlarsa ta farko ita ta tsayar da mu. Cewa ya yi an haifi jarumin nasa "a shekarar da Turawa suka kwantar da tarzoma a Kano." Wani dattijo da ke zaune a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, wace tarzoma ce aka kwantar?" Matashin ya amsa cewa shi dai a wani tsohon littafin Turanci ya ga kalmar pacified, ya duba ƙamus, ƙamus ya ba shi "kwantar da hankali" da "kwantar da tarzoma", shi kuma ya ɗauki wadda ta fi kama da tarihi.

Ba laifin ƙamus ba ne, domin abin da kalmar take nufi ke nan. Asalinta daga harshen Latin ne, daga kalmar da ke nufin zaman lafiya. Bature yakan yi amfani da ita ga jaririn da aka rarrasa ya bar kuka, ko mutumin da ya fusata aka ba shi baki ya huce. Harafi biyun da ke ƙarshenta kuwa suna nuna aikin ya riga ya wuce, an gama, an shafa fatiha. To amma da wannan kalma ce marubutan mulkin mallaka suka saba kiran yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar nan daga 1900 zuwa 1906. Saboda haka ya kamata mu waiwaya mu ga abin da ya auku a birnin Kano, sannan mu auna ko rigar ta yi wa mai ita daidai.

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗanyamusa ya kashe wakilin Turawa, Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu Babba ya karɓe shi da girmamawa. Wannan ita ce hujjar da Lugga ya riƙe, ko da yake ya daɗe da sanin cewa mulkinsa a Arewa suna ne kawai muddin Kano da Sakkwato na tsaye. Ranar 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙar fata sama da 700, da yawansu Hausawa da Yarabawa, ƙarƙashin hafsoshi Turawa, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji da igwa, sarkin garin na cikin waɗanda suka mutu.

A lokacin nan Sarki Alu ba ya gari. Tun farkon Janairu ya tafi Sakkwato da mafi yawan hakimansa da dawakinsa don mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru, ya bar tsaron birni a hannun manyan bayinsa, cikinsu har da Sarkin Shanu. Babu tawaye a gari, babu bore. Abin da ke akwai shi ne ganuwa, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, kewayenta ya haura mil 10, ga kuma ramin da aka haƙa a bayanta. Shi kansa Lugga da ya zo ya gan ta daga baya ya yi mamakin girmanta.

Da safiyar 3 ga Fabrairu 1903 aka soma wuta. Igwa ta daki ganuwa ƙasa ta shanye harsashin, aka gwada Ƙofar Dukawuya aka kasa, domin an gina ta a karkace yadda igwa ba ta samun ta kai tsaye. Sai suka zagaya Ƙofar Kabuga, nan suka sami baraka suka kutsa. Mayaƙan da suka fice daga birni sojan doki ya bi su. Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki. Lissafin Turawan da kansu ya nuna Kanawa kimanin 300 ne suka rasu a wunin nan, su kuma ba su rasa ko mutum guda ba, sai masu rauni. A ƙarshen watan, a Kwatarkwashi, rundunar da ke dawowa daga Sakkwato ta yi arangama da wani ɓangare na sojojin, Waziri Ahmadu ya faɗi tare da jama'a masu yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Hafsan da ya jagoranci Turawa a wurin, Laftanar Wright, an ba shi lambar jarumta mafi girma ta Ingila. Mai karatu ya lura, ba a ba mutum lambar yaƙi don ya rarrashi jariri.

Sarki Alu, wanda ya rabu da rundunarsa ya nufi arewa, an kama shi, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja inda ya rasu a 1926. Wambai Abbas ya dawo da sauran jama'a, Lugga ya naɗa shi sarki a farkon Afrilu 1903. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli.

Adalci ya wajaba a faɗi ɗaya gefen. Rahotannin Turawa sun yi alfahari da cewa cikin 'yan kwanaki kasuwa ta ci gaba da ci, ayarin fatake ya kama hanya, kuma haka abin ya kasance. Kano gari ne na ciniki, kuma shekara 10 kacal da ɓarkewar Basasa ta 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wadda ta bar ƙiyayya a gidaje da dama. Akwai waɗanda faɗuwar Alu ba ta dame su ba, akwai bayin da suka ga ƙofar 'yanci ta buɗe. Lalle gari ya yi shiru. Tambayar marubuci ita ce, wane irin shiru? Akwai shirun wanda ya ƙoshi, akwai na wanda ya gaji, akwai na wanda ya ga abin da bindiga mai ruwa ta yi a Kabuga. Kalmar pacified ta tattara su duka ta sa musu suna guda, wato zaman lafiya, kuma ta bar mai karatu da zaton cewa kafin zuwan mai igwa hargitsi ake yi. Da shirun na yarda ne, da ba a sake fitar da igwa a 1906 ba, shekarar da aka shafe garin Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe mutane wajen 2,000, aka kuma kashe Sarkin Haɗejiya Muhammadu a cikin birninsa.

Ba Ingilishi kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Faransawa ma da irin kalmar suka kira yaƙe-yaƙensu, alhali a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta karkashe mutanenta. Chinua Achebe, wanda ya kafa ƙungiyar marubuta ta Nijeriya a 1981, ya gane haɗarin kalmar tun da wuri. Littafinsa Things Fall Apart na 1958 ya ƙare ne da Baturen Di'o yana tunanin littafin da zai rubuta, kuma wannan kalma tana cikin sunan littafin, bayan ya baro gawar mutumin da muka bi rayuwarsa tun daga shafin farko.

Abin lura shi ne kakanninmu ba su yi wannan kwana-kwana ba. Cewa suka yi Nasara sun ci Kano, kamar yadda ake cin kowane gari da yaƙi. Waɗanda suka bi Attahiru gabas cewa aka yi sun yi hijira, waɗanda suka mutu aka ce sun yi shahada. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga da Karaci, ya rubuta waƙa a kan zuwan Nasara tun abin yana da ɗumi. Waɗannan kalmomi su ma suna da ɓangaren da suka ɗauka, amma aƙalla ba su ɓoye cewa an zubar da jini ba.

Hausa kanta tana da irin wannan tarko, don haka kada mu ɗora wa Turanci laifin duka. "Kwantar da" aiki ne mai fuska biyu: uwa na kwantar da ɗanta, mahauci na kwantar da sa, wanda ya rasu ma cewa ake ya kwanta dama. Ga kuma ƙaramar kalmar nan "an", wadda ke ɗauke mai aiki daga cikin jimla. "An kwantar da tarzoma," "ƙura ta lafa," "an shawo kan lamarin." Sau nawa muka ji irin waɗannan a rediyo bayan wani rikici, ba a faɗa mana wa ya harba ba, ko mutum nawa aka binne?

Shawarata ga masu tasowa ita ce, duk inda kuka ci karo da aikatau mai nuna an sa wani abu ya yi tsit, ku tsaya ku yi masa tambaya uku kafin ku fassara shi ko ku ara: wa ya yi aikin, da me ya yi shi, kuma me mutanen suke yi kafin a tsayar da su? Ƙamus ba zai amsa ba, sai an koma ga tarihi. Littafin Adamu Fika na 1978 a kan Basasa da mulkin Turawa yana nan, Gidan Makama yana nan, Ƙofar Kabuga ma ba ta yi nisa ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Matashin namu ya dawo a zama na gaba da gyararren babi. Yanzu an haifi marinin nasa "a shekarar da Nasara suka fasa Kabuga," kuma mahaifin jaririn bai halarci suna ba, domin yana cikin waɗanda suka hau ganuwa da safiyar nan. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce ya ci gaba da karatu. Allah Ya sa alƙalumanmu su zama masu faɗin gaskiya, amin.