Tarihin Muhawara kan Ƙissoshin Littattafan Addini

Muhawarar ko labaran da ke cikin littattafan addini tarihi ne da ya auku, ko misali ne, ko almara, ta girmi ilimin boko da ƙarnoni masu yawa, kuma masu imani ne suka fara ta. A Iskandariyya ta Masar, a ƙarni na 1 Miladiyya, malamin Yahudawa Filo ya karanta ƙissar Adamu a Attaura ya ce Adamu hankali ne, Hauwa'u gani da ji, maciji kuwa sha'awa. Orijin, malamin Kirista haifaffen wannan birni, ya lura cewa Littafin Farawa ya ƙirga kwana uku da safiyarsu da maraicensu kafin a halicci rana, sai ya ce lallai akwai ma'ana a bayan lafazin. Malaman Antakiya suka ja da wannan hanya, don gudun kada tawili ya cinye tarihin baki ɗaya.

A wajen Musulmi, jumhurun malamai sun tafi a kan cewa ƙissoshin annabawa sun auku kamar yadda aka saukar. Abin da suka fi tacewa shi ne Isra'iliyyat, wato ƙarin bayanin da ya shigo tafsiri ta hannun irin su Ka'abul Ahbar da Wahbu bin Munabbih, kuma Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya yi fice wajen wannan tankaɗe. Tawili ma yana da iyakarsa. Gazali ya kafirta masana falsafa da suka mai da tashin jikkuna ranar alƙiyama misali kawai. Ibnu Rushdi na Andalus ya halatta tawili idan zahiri ya ci karo da tabbatacciyar hujja, amma ya hana a kai shi gaban gama-gari.

Duk waɗannan ma'ana suke nema. Tambayar ta sauya a Turai, ta koma: shin abin ya faru kuwa? A 1670 Sifinoza ya musa cewa Annabi Musa ne ya rubuta Attaura dukanta. A 1835 David Strauss ya kira mu'ujizozin Linjila almara, littafin da ya rubuta a kai ya raba shi da aikinsa a Tubingen. A 1872 George Smith ya karanta wani allon yumɓu daga Ninawa mai ɗauke da labarin ruwan ɗufana. Wasu suka ce ga shaidar aukuwarsa, wasu suka ce ga tushen da aka aro shi. Allo ɗaya, hujja biyu.

Masar ce ta ɗanɗana zafin wannan tambaya a duniyar Musulmi. A 1926 Ɗaha Husaini ya rubuta a wani littafinsa cewa ambaton Ibrahim da Isma'ila a littattafan addini bai isa hujjar tarihi ba. Aka kai ƙara, aka janye littafin, ya sake fitar da shi a 1927 ba tare da wannan magana ba. Lamarin Muhammad Ahmad Khalafallah ta fi ban tausayi. A 1947 ya gabatar da kundin digirin dakta a Jami'ar Fu'ad ta Ɗaya a Alƙahira, ƙarƙashin Amin al-Khuli, kan fasahar ƙissa a Alƙur'ani. Ya ce manufar ƙissa wa'azi ce, shi ya sa ake yawan barin suna da shekara da wuri, kuma a ƙissar mutanen kogo aka kawo saɓanin mutane kan adadinsu. Burinsa, kamar yadda ya bayyana, shi ne ya kare Alƙur'ani daga Turawan da ke auna shi da ma'aunin tarihi. Amma ya kasa ƙissoshin gida uku, ya kira ɗaya da kalmar usɗura, wato tatsuniya, kalmar da mushrikan Makka suka jefi Annabi da ita. Mai jin Hausa zai gane nauyin abin nan take, domin ba a buɗe ƙissar Annabi Yusufu da gatanan gatananku. A ganina wannan kalma ɗaya ta binne tambayoyi masu kyau da ya kamata malamai su zauna su amsa masa da ilimi.

Jami'a ta ƙi kundin, aka hana al-Khuli duba ɗaliban nazarin Alƙur'ani, Khalafallah ya sake wani kundi kan Abul Faraj al-Asfahani. Nasr Hamid Abu Zaid, wanda ya bi sawun wannan makaranta, kotun Alƙahira ta yanke masa hukuncin ridda a 1995 ta raba aurensa, shi da matarsa suka yi ƙaura zuwa Leiden a Holan.